Wa Ya Isa Ya Ce A'a A Majalisar Sarki?

Yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya mu leƙa tarihin shari'a. Na san da yawanku kun sha gani a finafinan Amurka, mutum 12 a kulle a ɗaki har sai sun yanke ko wanda ake tuhuma yana da laifi. Su ake kira juri. A zamanin Turawa an yi wannan tsari a Ikko, amma bai kafu a Arewa ba. Abin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne majalisar shari'a ta sarki.

A zamanin En'e, ƙananan ƙararraki na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, irin su bashi da aure da gado, alƙalan gunduma ke sauraro. In kuwa an yi kisan kai, sai Zariya. Can kotun Sarkin Zazzau ce mai daraja ta ɗaya, mai ikon yanke hukuncin kisa, sai dai ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu. Sarki ba ya zama shi kaɗai, yana tare da manyan majalisa da malaman fiƙihu, domin littattafan Malikiyya sun so mai hukunci ya riƙa shawara da masana.

To, a nan tambayata take. Manomi daga ƙauyen Makarfi yana gurfane, ransa na hannun waɗannan bayin Allah. Sarki, a ce ma masani ne kamar Malam Ja'afaru da ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, ya nuna inda zuciyarsa ta karkata. Malamin da ke zaune a ƙarshen sahu, wanda sarkin ne ya naɗa shi, ya hango wata shubuha a bakin shaidu. Zai iya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ga haka ba"? Ba ina cewa 'yan amshin Shata ba ne, a'a. Kunya da ladabin da muke alfahari da su ne ke iya ɗaure harshen mai gaskiya.

Kada kuma a ɗauka ciwon Bahaushe ne kaɗai. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya tara mutane yana nuna musu zanen layuka, su faɗi wanne ya yi daidai da wanne a tsawo. Ya haɗa baki da sauran su faɗi ƙarya, aka bar mutum guda bai sani ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar, alhali idonsu na ganin gaskiya. Babu sarki a ɗakin, babu dogari! Amma da aka ba mutum abokin ra'ayi ko da guda ne, sai bin ayarin ya ragu ƙwarai. A 1966 kuma Kalven da Zeisel suka gano cewa a kusan shari'a 9 cikin 10, ɓangaren da ya fi yawa a ƙuri'ar farko ta juri shi ke yin nasara a ƙarshe. Shi ya sa dabarar kotunan soja na Ingila ke burge ni, inda mafi ƙanƙantar muƙami ke fara faɗin ra'ayinsa kafin ya ji na manya.

Mu dai ba wannan gyaran aka yi mana ba. Bayan koke-koken 'yan NEPU kan yadda ake amfani da kotunan En'e a kansu, an kawo kundin Final Kot a 1960. Daga baya gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, dokar kotunan yanki ta fara aiki a 1968, alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma ƙarƙashin gwamnati. Mai laifin kisa daga Kudan kuma sai babbar kotu, gaban mai shari'a guda.