Kakar Mai Gona da Kakar Ɗan Ƙwadago: Bukukuwa a Ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

A ƙasar Hausa kaka ce uwar wasanni. Da zarar an yanke gero da dawa, an ɗaure dammuna, an cika rumbu, sai dandali ya farka: kalankuwa, dambe, kokawa, gaɗar 'yan mata da farin wata, ga auren da aka yi ta ɗagawa tun bazara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin ne kaɗai a shekara da manomi ke da hatsi a hannu kuma aiki ya sake shi, makaɗi da maroƙi da ɗan dambe kuwa daga rarar manomi suke ci. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, a ƙauyukan Hausawan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu a Sudan, abin da ya yanke wa wasannin kaka hukunci shi ne mallakar gona da jadawalin noman rani. Nisa da gida da rinjayen Larabci, waɗanda aka fi ɗora wa alhaki, sun zo ne daga baya.

Hanyar hajji ce ta fara kai mutanenmu can, tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa. Amma babban kwararowa ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, a 1906. Fulani ne ke riƙe da sarautar garin, Hausawa kuma suka yi ta sauka a cikinsa da kewayensa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai Turawan Ingila suka ga ba su da hannun da zai ishe su, suka buɗe wa mutanen yamma ƙofa. 'Yan ƙasa suka haɗa kowa da kowa a suna ɗaya, Fallata ko Takarir.

A nan ne kaka ta canza kama. Gonar gandun, wadda ake kira hawasha, galibi 'yan ƙasa aka raba wa. Wasu baƙi sun samu a shekarun 1930, lokacin da farashin auduga ya faɗi masu ita suka gudu suka bar ta, amma daga baya ƙofar ta ƙuntata, musamman da dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na Sudan tun kafin 1898. Mafi yawa sai suka zama 'yan ƙwadago ko masu noman raba-daidai, suna zaune a 'yan unguwannin bakin magudanar ruwa da ake kira kambo, a kan ƙasar da ba tasu ba. To dubi shekarar irin wannan mutum. Ruwan sama na ɗaukewa wajen Oktoba, lokacin da mutanen Sudan ke kira darat. Zai yanke dawa, ya cire gyaɗa, a Nuwamba a shuka alkama, daga Janairu a shiga tsintar auduga har zuwa Maris ko Afrilu, ga girbin alkama ya iso. Wanda bai tsaya a gandun ba ya tafi yankan riɗi a manyan gonakin Gadarif ko Dali da Mazmum, aikin da ba ya jiran kowa, domin riɗi in ya bushe a tsaye zubewa yake yi. Watannin da ɗan'uwansa na Katsina ko Maraɗi ke zagaya ƙauyuka kallon dambe, su ne watannin da shi yake neman kuɗin shekara. Samarin da za su cika dandali suna gonar wani, kuma rabin abin da suka noma, in ma sun samu rabin, ba ya kai rarar da za a yi wa makaɗi kari da ita.

Ƙauyukan bakin kogi, daga Mai Wurno zuwa Sinja har Rusairis da Damazin, halinsu daban ne, kuma bambancin ne hujjata mafi ƙarfi. A can akwai mai gonar damina ta kansa, akwai mai lambu a gaɓar da ambaliya ke bari in ruwa ya janye, akwai masunta, waɗanda suka ƙaru bayan an gama madatsar Rusairis a 1966. Mutum ya girbe nasa ya kai gidansa, shi zai sa ranar auren 'yarsa. Littafin Mark Duffield a kan Mai Wurno, wanda ya fito a 1981, ya nuna yadda ƙasa da kasuwanci suka raba mutanen garin gida-gida, masu shi da marasa shi. Wannan rabuwa ita ce ke nuna wa zai iya tara jama'a a ƙofar gidansa bayan girbi, wa kuma zai bi motar 'yan ƙwadago.

Akwai mai cewa addini ne ya kashe dandali, kuma maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Waɗanda suka biyo Mai Wurno muhajirai ne, magadan jihadin Shehu Usmanu, wanda ya tsananta wa kiɗan banza da cuɗanyar maza da mata. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan Hausawan Jazira, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suna kiran kansu alhazai a kan hanya, suna ganin zaman na ɗan lokaci ne komai daɗewarsa. Mai irin wannan niyya ba zai so a gan shi a filin kalankuwa ba. Sai dai Sakkwato da Kano ma a ƙarƙashin wannan koyarwa suka zauna fiye da shekara 200, dambe da kokawa ba su mutu ba, domin manomin can yana da rumbunsa kuma sarki yana da makaɗansa. Wa'azi yana rage wasa, amma ba ya hana shi wurin tsayawa. Rashin fili da rashin hutu su ke yin haka.

Fasahar dandalin ba ta ɓata ba, ƙaura ta yi zuwa wuraren da jadawalin auduga bai mallaka ba. Na farko zawiya da makarantar allo: wazifar Tijjanawa, saukar Alƙur'ani, da Maulidi, wanda a Sudan ake kafa masa tantuna a yi kwanaki ana bege. Maulidi wata yake bi, ba ruwansa da girbi. In ya faɗo a ƙarshen damina, kamar yadda ya yi daga 2022 zuwa 2025, dace ne kawai. Na biyu cikin gida, wurin biki da suna, inda mata ke riƙe da waƙa. A'isha Falatiya, wadda aka haifa a Kasala a 1905, 'yar malami Bafulatani ce da uwa Bahaushiya, kuma a gidajen biki ta fara waƙa, mahaifinta bai so ba. Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, tana yi da Larabci tana yi da Hausa, ta kuma rasu a 1974. Ba 'yar ƙauyen Jazira ba ce, amma hanyar da ta bi ita ce hanyar da ta rage a buɗe. Na uku abinci. Agashe, tsiren da ake barbaɗa wa yajin ƙuli, yau kowane Basudane ya san shi, daga Wad Madani har Khartum. Abin lura, duk ukun nan ba su buƙatar izinin mai ƙasa.

Saura maganar sarauta, wadda masu nazarin al'ada kan tsallake. Taron kaka a bainar jama'a yana son uban taro: sarkin noma, sarkin dambe, hakimin da za a yi a ƙofarsa. A tsarin mulkin gargajiya na Sudan kuwa sarauta da ƙasa a ɗaure suke, wanda ba a yarda yana da ƙasa ba, ba a ba shi rawani. Neman da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka yi a ba su masarauta tasu yana cikin abin da ya haddasa rikicin Yulin 2022 tsakaninsu da wasu ƙabilun yankin. Faɗan ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ana tsakiyar girbi, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gonakinsu da amfani a tsaye. Sai yaƙin Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya biyo: RSF suka kama Wad Madani a Disamban shekarar, suka kama Sinja a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe Sinja a Nuwamban 2024 da Wad Madani a Janairun 2025. A kwanakin da aka karɓe Madani ɗin ne aka kai wa wasu mazauna kambo hari bisa zargin sun goyi bayan RSF, mutanen da kusan shekara 100 ke nan suna tsintar audugar gandun ba su da takardar filin da ɗakunansu ke kai.