Malamar Makarantar Da Finafinan Kaboyi Suka Manta Da Ita

Mai karatu, idan ka taɓa kallon fim ɗin kaboyi na Amurka, na san abin da ya fi tsaya maka a rai shi ne doki da bindiga. To amma ka lura da wata mata mai doguwar riga da kan tsaya a ƙofar makaranta, ba a ba ta ko magana biyu ba? Tarihinta ya fi na mai bindigar nauyi.

A ƙarni na 19 Turawan Amurka suka riƙa kwarara zuwa yamma suna kafa ƙauyuka a ƙasashen da aka ƙwace daga 'yan asalin wurin. Yara suka yi yawa, malamai babu, domin maza sun tafi noma da haƙar zinariya. Wata mata mai suna Catharine Beecher ta ce a tura 'yan mata masu ilimi daga gabas. Ta haɗa kai da William Slade, tsohon gwamnan Vermont, suka fara tura su a 1847. Cikin shekaru goma da ɗoriya sun tura kimanin 600. Ɗaya daga cikinsu, Harriet Bishop, ta isa St. Paul a Minnesota a 1847, ta buɗe ajinta a wata bukkar katako da a da maƙera ce.

Kada ka ɗauka tausayi ne ya sa aka karɓe su. Arha ce. Ita kanta Beecher ta kafa hujja da cewa mace za ta yi aikin a kan kuɗi kaɗan. Ɗaki guda ne makarantar, ƙanana da manya duk a ciki, malama ce mai shara, ita ce mai hura wuta da sanyin safiya. Sau da yawa ba ta da gidan kanta, sai dai ta riƙa zagaya gidajen iyayen yara tana kwana. A wurare da dama kuma, ranar da ta yi aure, aiki ya ƙare.

Duk da haka, ka san an ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma kwaɗayin masu neman arha ne ya buɗe ƙofar da ba su yi niyya ba. Macen da ke karɓar albashinta da hannunta, tana tsayawa gaban dattawa tana neman a gyara rufin aji, wuya ne a ce mata ba ta da bakin magana a harkar gari. A 1861 jihar Kansas ta ba mata damar jefa ƙuri'a a zaɓen hukumomin makarantu. Ranar 10 ga Disamba 1869 Gwamna John Campbell na yankin Wyoming ya sa hannu a dokar da ta ba su cikakkiyar ƙuri'a, kuma majalisar ta hana a bambanta albashin malamai saboda jinsi. Akwai lissafi a ciki, domin maza sun ninka mata sosai a yankin, ana so mata su zo. A 1892 Laura Eisenhuth ta ci zaɓen shugabar ilimi ta North Dakota, mace ta farko da aka zaɓa a muƙamin jiha sukutum a Amurka. Amma sai a 1920 ne damar ƙuri'ar mata ta game ƙasar baki ɗaya.

Abin mamaki, Beecher ba ta goyi bayan mata su yi zaɓe ba, ta fi son su tsaya ga tarbiyya. Amma 'yan matan da ta tura da waɗanda suka biyo sahunsu sun wuce inda ta tsaya.

Saboda haka in ka sake kallon irin wannan fim, ɗan ɗauke ido daga bindigar, ka dubi mai riƙe da alli a ƙofar makaranta.