Wa Ke Biyan Kuɗin Shari'a Bayan An Raba Gardamar Gona?

Mutanen Gaffati da sauran ƙauyukan Mirya sun san rikicin iyakar gona da na gado. Gardama takan ƙare, a yi musafaha, sai wata ta taso: wa zai biya abin da aka kashe? Ku ji yadda magabata suka yi da wannan tambaya.

A zamanin sarakunan Damagaram, irin su Tanimun wanda ya rasu a 1884, alƙalai da littattafan Malikiyya suke hukunci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Tuhfa, na Ibnu Asim mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1426. Hukuncinsa a kan wannan a fili yake. Ladan ɗan ijala, wato manzon da alƙali ke aikawa ya kirawo wanda aka yi ƙara, yana kan mai ƙara ne, tun da shi ke neman haƙƙinsa. Amma in wanda aka kira ya yi taurin kai, ya ƙi zuwa, ko ya yi ta jan magana da gangan, to ladan ya koma kansa. Kun ga ba a tambayi wa ya ci, wa ya faɗi ba. An tambayi wa ya wahalar da mutane. A ganina wannan ma'auni ya fi kusa da adalci.

Akwai kuma ushira, al'adar da ta bazu a ƙasar Hausa: kashi 1 cikin 10 na gadon da aka raba, ko na bashin da aka karɓo. Daga cikin dukiyar ake cirewa, don haka wanda ya samu shi ke biya. Magada goma, kowa ya ji a rabonsa.

Faransawa sun ci Zinder a 1899. Dokarsu ta 1903 ta jera kotunan ƴan ƙasa hawa-hawa a Afirka ta Yamma, daga ta ƙauye har ta kumandan. Tsarin Faransa kuwa wani ne daban: wanda ya faɗi shi ke ɗaukar kuɗin shari'a. Shi Nijar ta gada, yana kuma cikin dokar shari'ar farar hula ta 2015, ko da yake alƙali yana da ikon raba nauyin tsakanin mutum biyu in ya ga dalili. A 2011 an yi dokar da ta kafa hukumar taimaka wa marasa hali a gaban kotu.

To, ga inda ake tuntuɓe. Dokar karkara ta 1993 ta sa rikicin gona ya fara bi ta hannun mai gari da sarki, su gwada sulhu, a rubuta takardar abin da aka shirya. A sulhu babu wanda ya faɗi, saboda haka babu wanda doka ta ɗora wa kuɗin kai tsaye. Kuɗin motar shaidu, da abincinsu, da na masu zuwa duba iyaka, duk suna nan a wuyan wanda ya fitar, sai fa in an ambace su a zaman.

Don haka, ɗan'uwa, ranar da aka zaunar da ku a ƙofar sarki, kada kunya ta hana ka tada maganar. Ka ce a rubuta wanda zai biya, da nawa, da yaushe, a karanta maka a gaban shaidu, sannan ka dangwala yatsa.