Fuskar Kwali da Gemun Auduga

Mu da muka tashi tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ba a aji muka koyi haɗa fuskar wasa ba, a tashe muka koya. Da azumi ya kai goma sai mu bazama kasuwar Tarauni tsintar kwali. A huda idanu da ƙusa, a shafa baƙin tukunya, a liƙa auduga da ƙaro ta zama gemu. Mai fitowa a Tsoho da Gemu ya ɗauki sanda ya ranƙwafa. Babu malami, babu maki. In shigarka ba ta ba matan gida dariya ba, haka za ka fito da kwanonka wayam.

Wannan hikima ta girme mu nesa ba kusa ba. Maharba sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su yi ta rarrafe har dabba ta saki jiki. Fatakenmu kuma sun kai wasan Dodo ƙasar Mosi tun ƙarni na 19, har yau yaran Wagadugu na fafe ƙwarya su yi fuskokin dabbobi a watan azumi.

Ita ma boko da aikin hannu ta shigo Kano. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen koyon sana'o'i, har da dukanci da ƙira. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 azuzuwa suka cika maƙil, darasin ya yi ta ramewa. A zamaninmu aikin hannu ya koma kawo tsintsiya a ƙarshen zango, daga baya ma kuɗin tsintsiyar. Yaron da ya iya gemun auduga sai ga shi yana sayen maki da kuɗin uwarsa.

Yanzu manhajar firamare na da darasin al'adu da fasaha, wasu malamai ma kan sa yara yanka fuskar takarda. Sai dai daga intanet ake kwaso samfurin, ba a tuna Jatau Mai Magani. Wasu iyayen na ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da sura. Ba mu raina damuwarsu ba, amma su ma ai sun yi tashe.

A waje kuwa, 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha hana tashe a Kano saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. Bara a layinmu har aka sha ruwa ashirin, babu yaron da ya shigo roƙon audugar tsohuwar katifa.