Turjiyar iska da nauyi a ƙananan motoci

Turjiyar iska ita ce ƙarfin da iska ke tokare mota da shi yayin da take gudu. Ita da nauyin mota suna cikin manyan abubuwan da masu ƙera ƙananan motoci ke ragewa domin a samu sauƙin shan mai.

Yadda suke tasiri

Nauyi ya fi tasiri a cikin gari, inda ake yawan tsayawa da tashi, saboda kowane tashi yana cin mai gwargwadon nauyin motar. A babbar hanya kuwa turjiyar iska ce kan gaba: idan gudu ya ninka biyu, turjiyar takan ninka huɗu. Ana auna yadda siffar mota ke ratsa iska da ma'aunin Cd. Ƙaramin adadi yana nufin ƙarancin turjiya.

Misali

Honda Insight ta farko, wadda ta fito a Japan a shekarar 1999, tana da Cd 0.25. An ƙera jikinta da alminiyum, nauyinta bai kai kilo 900 ba, an tsuke bayanta, an kuma rufe saman tayoyin baya. Sai dai mutum biyu kaɗai take ɗauka. An daina ƙera wannan samfurin a 2006.