Bayan Daren Ista: Wa Ke Riƙe Sabon Tuba a Minna?

Ranar Kirsimeti ta 2011, ana tashi daga sujadar safe a majami'ar Waliyyiya Teresa da ke Madalla, kusa da Suleja, bam ya tashi a bakin ƙofa, ya hallaka mutane fiye da 35. Limamin majami'ar a lokacin, Fada Isaac Achi, ya tsira. Shekara 11 bayan haka, da asubahin 15 ga Janairu 2023, 'yan bindiga suka kewaye gidan limamai a Kafin Koro, cikin ƙaramar hukumar Paikoro, suka cinna wa gidan wuta yana ciki, ya rasu. Mataimakinsa, Fada Collins Omeh, ya tsira da raunin harsashi. Kafin wannan da shekara biyu, a Janairun 2021, an tare Fada John Gbakaan na majami'ar Gulu a kan hanyar Lambata zuwa Lapai, daga baya aka tsinci gawarsa.

Duk waɗannan sun faru ne a dayosis ɗin Minna. Amma duk shekara, a daren jajibirin Ista, ana samun manyan mutane da ke durƙusawa a yi musu baftisma, a babbar majami'ar Waliyyi Mika'ilu da ke cikin gari da kuma ƙananan majami'un ƙauyuka. Sun san abin da suke shiga. Abin tambaya shi ne me ke riƙe su bayan an kashe kyandir, an watse, kowa ya kama gabansa.

Amsar da wannan maƙala ke karewa ita ce: wa'azin haƙuri kaɗai ba ya riƙe sabon tuba, labarin shahidai ma haka. Abin da ke riƙe shi shi ne samun dangi a madadin waɗanda ya rasa ko ya yi nisa da su. Ikilisiyar Katolika tana da tanadin yin haka a cikin dokokinta, sai dai ƙarfinta ya fi karkata ga shirya mutum kafin baftisma, da an gama kuma sai hannu ya saki.

Tarihin garin yana bayyana wani ɓangare na matsalar. Minna ƙasar Gbagyi ce, wato Gwari, ta bunƙasa da layin dogo na Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911, ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. A ɓangaren Ikilisiya kuwa, an yanke yankin daga dayosis ɗin Kaduna a 1964, aka damƙa shi ga limaman ƙungiyar Waliyyi Patrick 'yan ƙasar Ailan ƙarƙashin Edmund Fitzgibbon, ya zama cikakken dayosis a 1973 da Bishop Christopher Abba, sannan Bishop Martin Uzoukwu ya karɓa a 1996. Da yawa daga masu cika kujerun majami'un cikin gari, a Bosso ko Tunga ko Chanchaga, zuwa suka yi da addininsu daga ƙasar Ibo, Tibi, Idoma ko kudancin Kaduna. A cikin Katolika aka haife su. Kowa yana da ƙungiyar 'yan garinsu da ke zama bayan sujada, mai asusu, mai kai gawa gida, mai biyan kuɗin asibiti. Sabon tuba yana shigowa ya tarar an riga an raba zumunci gida-gida, shi kuwa ba shi da gidan da zai faɗa.

Su wane ne sabbin tubar? Akwai waɗanda suka fito daga addinin gargajiya na Gbagyi, Koro, Kamuku da maƙwabtansu. Akwai waɗanda aure ya kawo daga wasu ɗarikun Kirista, waɗanda ba a sake musu baftisma, karɓarsu kawai ake yi. Akwai kuma 'yan ƙalilan daga gidajen Musulmi. Nauyin da kowa ke ɗauka ya bambanta ƙwarai, kuma adalci ne a faɗi haka. A gidajen Gbagyi da Koro ba abin mamaki ba ne a samu Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya suna cin tuwo a kwano ɗaya, Sallah tasu ce, Kirsimeti ma tasu ce. A irin wannan gida tuba ba ta wuce 'yar tsegumi. A wani gidan kuwa tana iya jawo wa mutum rasa gado, rasa gona, ko a raba shi da mata da 'ya'ya. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin canza addini, amma tsarin mulki ba ya shiga tsakar gida, ba ya zama wurin rabon gado, ba ya tilasta wa baffa ya karɓi sadakin 'yar wanda ya bar tafarkin kakanni.

A kan wannan sai a ɗora wahalar da ta shafi kowa. Ta'addancin da ya addabi Shiroro, Munya da Rafi bai tambayi addinin kowa ba: a 2021 an kwashe ɗalibai a kwalejin kimiyya ta Kagara, an kuma kwashe yara fiye da 100 a Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tsadar abinci ta kai matan Minna da matasa ga tare hanyar Bida a shataletalen Kpakungu ranar 5 ga Fabrairu 2024. Wanda ke da dangi yana raba wannan nauyi da su. Buhun masara ya zo daga ƙauye, ƙanwa ta ɗauki yaro ɗaya. Wanda ya tuba aka juya masa baya shi kaɗai yake ɗauka. Ga kuma fassarar da ake yi wa duk abin da ya same shi. Ɗansa ya kwanta ciwo, a ce kakanni ne suka yi fushi. Jarinsa ya karye, a ce alhakin iyaye ne. Wannan fassara ta fi ciwon kansa cin rai, domin tana zuwa ne daga bakin waɗanda yake ƙauna, a daidai lokacin da bangaskiyarsa ba ta yi saiwa ba.

A nan ne koyarwar Katolika ke shiga gasa mai wuya. Ita ba ta yi wa mutum alkawarin arziki ko warkewa nan take. A ƙarshen titi kuwa akwai gidan addu'a da ke alkawarin buɗi cikin kwana bakwai, a ƙauye akwai boka da ya san sunan kakansa. Katekis mai gaskiya ba shi da abin da zai ce sai labarin Ayuba da gicciye. Wasiƙar da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a kan ma'anar wahala a Fabrairun 1984 ita ce mafi zurfin abin da Ikilisiya ta rubuta a kan batun a wannan zamani, kuma abin lura shi ne bayan dogon nazarin tauhidi, sai ta gangaro kan misalin Basamariye mai tausayi, wato mutumin da ya tsaya ya ɗauki wanda aka yi wa rauni. Ko a takarda ma, amsar wahala ta koma hannun maƙwabci.

Ba yau aka fara sanin haka ba. Wajen shekara ta 400, wani dikon a birnin Kartaj mai suna Deogratias ya kai kuka ga Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, cewa koyar da masu neman shiga addini ya gundure shi. Littafin da Augustine ya rubuta masa cike yake da shawarwarin da katekis na Maitumbi zai gane nan take. A tambayi mai zuwa abin da ya kawo shi. In ya gaji yana hamma, a ba shi wurin zama. Mafi muhimmanci, a faɗa masa tun da wuri cewa a cikin majami'a zai tarar da mashaya da macuta da masu kwaɗayi, don kada ganinsu ya karya masa gwiwa. Augustine ya gane cewa abin da ya fi fitar da sabon shiga shi ne sanyin 'yan ciki, ba zafin 'yan waje kaɗai ba.

Tsarin da ake bi yanzu ya samo asali daga Babban Taron Batikan na Biyu, wanda a 1963 ya ba da umarnin a dawo da horon manya mataki-mataki, aka fitar da littafin tsarin a 1972. Afirka ta riga Turai a wannan: tun ƙarni na 19 Kadinal Lavigerie ya ɗora wa mishanonsa horon shekara huɗu kafin baftisma. Matakan yau sun haɗa da bincike, dogon karatu, tsarkakewa a lokacin azumin kwana 40, sannan mataki na ƙarshe bayan baftisma, daga Ista zuwa Fentikos. Wannan na ƙarshen shi ne marayan tsarin. Kwana 50 ne kacal, kuma ya faɗo daidai lokacin da katekis da Fada suka gaji da hidimar Ista, manoma kuma hankalinsu ya koma gona saboda faɗuwar damina. Littafin ya tanadi a tara sabbin tuba ranar cikarsu shekara, ya kuma so bishop ya gana da su aƙalla sau ɗaya a shekarar in da hali. Tanadi ne mai kyau, amma ba ya aiwatar da kansa.

Haka batun uban baftisma da uwar baftisma. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta ɗora musu taimakon wanda suka tsaya wa ya yi rayuwar Kirista, ta kuma gindaya sharuɗɗa, har da cika shekara 16. A aikace sau da yawa ana zaɓar mai hali ne, wanda zai sayi farin yadi ya yi hoto, a rabu. Alhali Bahaushe da Bagwari duk sun san riƙo, sun san uban ɗaki da uwar ɗaki, sun san cewa wanda ya yi wa yarinya walicci ba ya janye jiki ranar da aure ya yi tsami. Da za a ɗauki wannan matsayi da irin wannan nauyi, da rabin matsalar ta kau.

Inda lamarin ya fi tsauri shi ne auren mace fiye da ɗaya. Sashe na 1148 na Dokar Ikilisiya ya ce magidanci mai mata da yawa da ya karɓi baftisma zai zauna da ɗaya, in zama da uwargida ya yi masa wuya yana iya zaɓar wata, ya kuma ɗora wa shugaban dayosis tabbatar da an biya bukatun waɗanda aka sallama bisa adalci. Ɗarikar Angilikan ta bi wata hanya a taron Lambeth na 1988, inda ta yarda a yi wa irin wannan magidanci baftisma tare da matansa muddin ba zai ƙara aure ba. Katolika ba ta yarda da haka ba, kuma tana da hujjojinta. Amma duk wanda ya san ƙauye ya san wa ke biyan kuɗin wannan tuba: macen da ta haifi 'ya'ya biyar, ba ita ta nemi canza addini ba, aka ce ta zama ba matar aure ba. In ba a cika rabin dokar da ya shafi ci da sha da matsuguninta ba, to an tsarkake miji ne da hawayen matarsa. Shi ya sa wasu dattawa ke zama masu koyo har tsufa, suna zuwa sujada ba sa karɓar Jibin Ubangiji. Dokar ta san da su, har ta ba su haƙƙin jana'izar Kirista in sun rasu a haka.

Akwai suka mai ƙarfi ga duk wannan, kuma bai kamata a kauce mata ba. In majami'a ta fara biya wa sabon tuba kuɗin haya da na makaranta, ashe ba sayen mutane take yi ba? A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, zargi irin wannan wuta ne. Batikan na Biyu da kansa, a takardarsa ta 1965 kan aikin bishara, ya haramta tilasta wa mutum ko jan hankalinsa da abin duniya don ya tuba. Amma akwai rata tsakanin ba mutum abu don ya shigo, da ƙin barinsa ya kwana da yunwa saboda ya riga ya shigo. Musulmi mai karatu ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda cikin kaso takwas na zakka akwai na waɗanda ake lallashin zukatansu, kuma kukan da sabbin Musulunta ke yi, na ɗoki ranar farko da mantuwa bayan wata uku, kusan ɗaya ne da na takwarorinsu.

Masu yin aikin a zahiri, ba tare da sun karanta ko ɗaya daga waɗannan takardu ba, su ne Zumuntar Mata Katolika. Su ke zuwa barka, su ke zaman makoki, su ke adashi, su ke rera waƙa da Hausa da tulu da kacau-kacau har baƙuwa ta ji ta iso gida. Hausa ce ke haɗa Bagwariya da Bakambariya da 'yar Kataf a layi ɗaya. Wataƙila shi ya sa mace sabuwar tuba ta fi namiji saurin samun wurin zama. Namiji, musamman saurayi da aka kora daga gida, shi ne ya fi zama a tsakiyar ruwa. Naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na sabon dayosis ɗin Katsina a 2023, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a Katolika, ya nuna wa irin wannan saurayi cewa ba sai ya daina zama ɗan ƙasarsa ba. Sai dai abin alfahari daga nesa ba ya maye gurbin wanda zai koya masa sana'a a Kpakungu.

Kira ga majalisun majami'u a dayosis ɗin Minna shi ne su buɗe rajistar baftismar manya ta shekara uku da suka wuce, su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, su gano wa ke nan, wa ya ɓace, me kuma ya fitar da shi. A tsawaita rakiyar bayan Ista ta kai shekara, a zaɓi iyayen baftisma daga unguwar da mutum yake zaune, kuma kada a yi wa mai mata da yawa baftisma sai an zauna da matan an ji ta bakinsu.