Duwatsun Riruwai da Sana'ar Kuza

A kudancin Jihar Kano, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada, mafi yawan duwatsun da ke tsaye a cikin gonaki tsohon giranait ne, wato dutse mai manyan ƙwayoyi wanda ya daskare sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa. Sai an shiga ƙaramar hukumar Doguwa, an wuce dajin Falgore, sannan ake cin karo da tsaunukan Riruwai, waɗanda asalinsu ya bambanta ƙwarai, domin kufan wani dutse ne mai aman wuta da ya yi aiki kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce. J. D. Falconer, a littafinsa na 1911 kan duwatsun Arewacin Nijeriya, shi ne ya ware irin waɗannan tsaunuka da na Jos a matsayin giranait na baya-bayan nan.

Dutsen aman wutar da ya fi yawa a Riruwai shi ne rayolait, sunan da Bajamushe Ferdinand von Richthofen ya raɗa masa a 1860. Narkakken dutse ne da ya fito sarari ya huce da gaggawa, don haka ƙwayoyinsa ba su samu lokacin girma ba, sai ya zama mai santsi da tauri, in ban da 'yan ƙwayoyin kwaz da felsifa da ke warwatse a jikinsa. Kwaz shi ne ma'adini mai ƙyalli kamar gilashi da ya cika yashin kogi, felsifa kuwa ma'adini ne fari ko ja-ja wanda idan ruwa ya daɗe yana cin sa yakan rikiɗe ya zama farin yumɓu.

Waɗannan ma'adinai biyu su ne kuma ginshiƙin dutsen yashi da ake kira akos, wato yashin da ya taru ya manne ya koma dutse alhali aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ƙwayoyinsa felsifa ne. Launin rayolait da akos kan yi kama har ya ruɗi mai kallo daga nesa, amma hannu ba ya ruɗuwa, tun da akos yana da kaushi, ƙwayoyinsa masu kusurwa suna iya marmashewa, kuma sau da yawa ana ganin shimfiɗunsa hawa-hawa yadda ruwa ya ajiye su. Yawan felsifar da ke cikinsa shaida ce cewa yashin bai yi doguwar tafiya ba kafin ya binnu, domin da ya jima a hanya da ta narke. Babu wannan dutse a Doguwa. Ana samun irinsa a wurare kamar yankin Gongola, inda dutsen yashin Bima yake ɗauke da felsifa mai yawa, ko can Ostireliya, inda shahararren dutsen Uluru kacokan akos ne.

Sana'ar da ta ɗaukaka sunan Riruwai ta rayu ne a tsakanin waɗannan matakai biyu, lokacin da dutse ya riga ya ruguje amma yashinsa bai koma dutse ba. Kuza ba a cikin rayolait take ba, tana cikin giranait ɗin da ya kutso daga ƙasa ya daskare a tsakiyar kufan bayan aman wuta ya lafa, kuma damina bayan damina ruwa ke farfasa shi ya gangaro da tsakuwarsa cikin rafuka. Masu wankin kuza sun gane tun kafin zuwan Turawa cewa baƙin yashin kuza ya fi kwaz da felsifa nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka idan aka juya tsakuwa da ruwa a ƙwarya, mara nauyi ya tafi, kuza ta kwanta a gindi. Ana narka ta da gawayi a fitar da dalma, a zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai Kano da wasu kasuwanni. Daga Riruwai ta Kano ne sana'ar ta yaɗu zuwa Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi, kuma bin sawun waɗannan tsinkaye ne ya kai ma'aikatan Kamfanin Neja na Turawa yankin Jos a 1902 da 1903, abin da bai yi wa maƙeran gida daɗi ba, domin ba a jima ba kamfanonin Turawa suka mamaye filayen, narkar gargajiya ta mutu.

A shekarun 1970 aka buɗe mahaƙar ƙarƙashin ƙasa a Riruwai don bin wata jijiyar ma'adini mai tsawon kusan kilomita 5, mai ɗauke da kuza da tutiya, amma aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, musamman daga Oktoban 1985. Yashin da ke gangarowa daga kudu ta Kogin Kano kuwa, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, mafi yawansa a gindin tafkin yake kwantawa.